Ranar da Lameko Ya Rage wa Mota Murya

A bakin Kaka Fuatino na fara jin sunansa, cikin addu'ar yamma. Idan aka busa ƙaho don Sa, lokacin da ƙauyenmu duka yake yin tsit saboda ibada, mukan zauna a kan tabarma, Kaka ta bi sunayen 'yan gida ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe kullum shi ne, "Da Lameko can Pago, ka tsare masa hannuwansa, ya Ubangiji." Ba ta cewa ransa, ba ta cewa lafiyarsa, sai hannuwa. Da na yi wayo na tambayi mahaifina, Petaia, ko wane ne wannan mai hannuwa. Ya ce ƙanen Kaka ne, bakanike, yana gyaran bas-bas a Pago, wani gari a ƙetaren teku, kuma hannun bakanike kullum yana kusa da fankar inji.

Ina sakandare ya dawo gida. Matarsa ta rasu a can, ba su haihu ba, sai ya tattara abin da ya mallaka ya hau jirgin ruwa: akwatin ƙarfe na sifanu, da wata tsohuwar a-kori-kura shuɗiya wadda ta girmi mahaifiyata. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, zanen da yake ɗaurawa irin na mazanmu duk tabon baƙin mai, kunnensa na hagu ya soma mutuwa, shi ya sa idan kana magana yakan karkato maka na dama kamar yadda yake karkata wa inji. Bai kwana ƙarƙashin rufin Kaka ba. Ya kafa 'yar bukkarsa a bayan madafa, ba ya shiga inda take kwance, ba ya shan ruwa a kofinta, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya a gabanta ba. Haka namiji yake da 'yar'uwarsa a wurinmu. Abin da ta ce ya zauna, kuma kowa yana tsoron ɓacin ranta fiye da tarar dattawa.

Motar nan ita ce ƙafar gidanmu. Ita ke sauko da gwaza da ayaba daga gonar kan dutse, ita ke kai su kasuwar Apia, babban birninmu, ita ke ɗaukar Kaka zuwa asibiti tun da ciwon sukari ya cinye mata ƙafa ɗaya. Mahaifina ke tuƙi, Kaka Lameko, yadda muke kiransa, ke jinyar motar. Ciwonta kuwa guda ne, kuma a kafireta yake, wurin da iska da fetur ke haɗuwa kafin su shiga inji. Sandar da totur ke juyawa a ciki ta cinye mazauninta saboda tsufa, sai iska ta riƙa shiga ta gefe. Iskar sata yake kiranta. Ya nuna mini wata rana: ya ɗiga ɗan fetur a wurin, nan take muryar injin ta tashi, ya ce ka ji ɓarawon ya amsa. Ya cusa ƙyallen tsohuwar hula da giris, ya ɗaure da zare, abin ya riƙe na ɗan lokaci ya sake saki. Cok ɗinta ma, abin da ke rage iska don inji mai sanyi ya tashi, ya daɗe da karyewa, tafin hannunsa ne cok. Wani ɗan'uwanmu a Auckland ya aiko da kafireta, ta zo ba irinta ba ce, Kaka ta mai da ita abin danne tabarma.

Yakan ce mota ba ta ƙarya, mutum ne ba ya saurare. In salansa ta yi baƙin hayaƙi, fetur ya yi yawa. In ta yi tari ta baki, yunwar fetur take. In ka cire fulogi ka gan shi baƙi ƙirin ko fari fat, ya riga ya faɗa maka ɓangaren da za ka juya. Sukuru biyu ne a jikin kafiretar, ɗaya na awon iska da fetur, ɗaya na silo, wato yadda inji ke numfashi in direba ya ɗage ƙafa. Da yake iskar sata ba ta toshuwa, sai ya ƙara mata fetur, ya ɗaga silon sama sosai don kada ta mutu. Sakamakon haka, motarmu ko a tsaye take ruri take yi. Tun daga kwanar coci ake sanin ta taho. Yara suka sa mata suna Saniya.

Mahaifina yakan tsokane shi. "Kawu, wannan tsohuwar taka ba ta iya raɗa ne?"

"Mai ciwon asma kake so ya yi raɗa?" in ji shi. "Ka bar ta ta yi ihu. Ranar da ka ji ta yi shiru, ka nemi masu turi."

Matsalar ta fito ne daga Sa. Dokar ƙauyenmu ita ce, inda ƙaho ya same ka nan za ka tsaya, ko a ƙasa kake ko a mota, har a sake busawa. Samari masu farar riga suna tsaye a bakin hanya suna lura. Saukowa daga gona kuwa sau da yawa takan faɗa daidai lokacin. Ran da mahaifina da Kaka Lameko suka kashe ta da zafinta a gaban coci, ta ƙi tashi, sai da masu farar rigar suka tura ta har gida, garin yana dariya. Daga ranar Kaka Lameko ya ce a tsaya amma kada a kashe. Sai ya zama ana waƙar yabo a gidan Fasto, Saniya tana ruri a bakin ƙofa. Sauaso, mai busa ƙahon, mutumin kirki ne mai son tsari, ya yi gargaɗi, ya sake yi, sannan ya kai maganar gaban dattawa. Aka ci gidanmu tarar alade da kwandunan gwaza, aka kira sunan zuri'armu a bainar jama'a.

Ba aladen ne ya dami Kaka ba. Washegari ta sa aka kira ƙanenta. Ya zo ya zauna a ƙasa daga bakin ginshiƙi, ya harɗe ƙafa, ya sunkuyar da kai. Ina gefe ina tsefe mata gashi. Ta ce masa ita tsohuwa ce mai ƙafa ɗaya, abin da ya rage mata a duniya sunan ubansu ne, kuma jiya an ja shi a ƙasa saboda ƙarfe. Ta ce ba ta so ta ƙara jin muryar motar nan ta haura ta mai addu'a.

Na ga ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce, "To, Yaya."

Ya tashi ya ɗauki sukuddireba. Na bi shi da ido daga inda nake. Ya ɗumama injin, ya karkata kunnen dama, ya riƙa sassauta sukurun silo a hankali, rurin yana sauka, yana sauka, har ya koma kamar minsharin jariri. Da ya gama bai rufe bonet ba, ya daɗe a tsaye yana kallon ciki. Mahaifina ya ce ai ga shi ta iya raɗa. Kaka Lameko ya ce da zafinta ta iya, ka jira safiya.

Gaskiya ya faɗa. Daga nan kowace safiya sai da yaƙi. Sai Kaka Lameko ya cire kwanon filtar iska, ya rufe bakin kafireta da tafin hannu, mahaifina ya buga sitata, ta tashi, a riƙe mata totur har ta yi ɗumi. Kafin ta yi ɗumi, da an ɗage ƙafa ta mutu. Amma a gaban coci ba a ƙara jin ta ba, Fasto ma ya yaba, Kaka ta samu kwanciyar rai. Ni dai na lura da abu ɗaya: Kaka Lameko ya daina ajiye motar yadda ta shigo, sai ya juya ta ta fuskanci hanya.

Abin ya faru ne a watan da aka sauya hannun tuƙi a ƙasar, ranar Talata da safe. Na sa kayan makaranta, Kaka tana zaune tana juya shayinta da cokali. Sai ƙasa ta motsa. Mun saba da girgiza, takan zo ta wuce kafin ka ajiye kofi. Wannan ba ta wuce ba. Ginshiƙan gida suna kuka, kwakwa tana zubowa daga sama, karnuka suka shige ƙarƙashin tanki. Da ta lafa, mahaifiyata ta soma tattara kwanukan da suka zube. Kaka Lameko bai dubi kwano ba. Ya tsaya a bakin yashi yana kallon teku, ni ma na duba. Ruwa yana ja da baya. Duwatsun murjani da ban taɓa ganin gindinsu ba suna tsaye tsirara, kifi yana tsalle a kan laka, kuma babu ƙarar igiya ko kaɗan. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ƙauyenmu babu ƙarar teku ba. Shirun nan har yau yana zuwar mini a mafarki.

Ya juyo ya ce wa mahaifina a ɗauki Kaka yanzu, da tabarmarta. Mahaifiyata ta ce bari ta ɗauko maganin tsohuwa, ya ce ta bar shi. Iyayena suka kama tabarmar suka sa ta a bayan mota, shi bai taɓa ta ba ko a ranar. Ni da ƙannena muka hau muka riƙe ta. Can ƙasan hanya Sauaso ya soma busa ƙaho, ba irin busar Sa ba, busa ce babu tsayawa, yana gudu gida gida. Masu ƙafa suka kama hanyar dutse a guje. Kaka ba ta da gudu. Ko mota ta hau da ita, ko ruwa ya same ta a nan, mu ma ya same mu, don babu mai barin ta.

Kaka Lameko ya jefar da kwanon filta, ya ɗora tafi, mahaifina ya buga. Ta tashi a bugu na farko, har na ji mahaifiyata ta ce mun gode Allah. Ya sauke bonet bai kulle ba, ya ɗafe a ƙofa, muka fita. Tsakanin gidanmu da inda hanyar gona ta rabu ta hau dutse ba nisa. Muna isa mararrabar sai ga bas ta taho a guje ta hannun da ba mu saba ba tukuna. Mahaifina ya ɗage ƙafa ya taka birki. Bas ta wuce. Saniya ta yi tari ɗaya ta mutu.

Abin da kowane direba yake yi in tsoro ya kama shi, shi mahaifina ya yi. Ya riƙa buga sitata yana taka totur yana saki, yana takawa yana saki. Warin ɗanyen fetur ya taso har baya. Kaka Lameko ya diro ya ɗaga bonet.

"Petaia, ɗauke ƙafarka. Ka shaƙe ta da mai."

"Kawu, ruwa."

"Na san da ruwa. Ni za ka kalla. Danna totur har ƙasa, ka riƙe, kada ka saki. Buga."

Sitata ta juya, ta juya, muryarta tana yin ƙasa, batir yana gajiya. A lokacin na ji wata ƙara daga teku, kamar manyan motocin ɗaukar duwatsu da yawa sun taho tare. Na waiwaya, kuma da ma ban waiwaya ba. Can bayan duwatsun murjani akwai bango baƙi, ba shuɗi ba, mai farin kai, tsawonsa ya rufe inda sama ke haɗuwa da ruwa. Ƙanwata ta cusa kanta a cinyar Kaka. Mutane suna wuce mu a guje, wasu suna buga jikin motar suna cewa mu sauko.

Injin ya kama, ya yi aman baƙin hayaƙi. Amma hanyar gona tana da ramuka da kwana, dole a ɗage ƙafa a sauya giya, kuma in ta sake mutuwa batir ba zai ƙara juya ta ba. Kaka Lameko ya san maganin, sukuru ɗaya ne. Ya shafa ƙugunsa, babu sukuddireba, tana can gida. Sai na ga ya zagayo gefen motar, ya tsaya nesa kaɗan da Kaka yadda ya saba, ya sunkuyar da kai. Ruwa yana tahowa, inji yana ihu a ƙarƙashin ƙafar mahaifina, shi kuwa izini ya zo nema.

"Yaya, in buɗe mata murya?"

Kaka ta dube shi. Cokalin shayin yana hannunta har lokacin, ba ta ma san tana riƙe da shi ba. Ta miƙa masa.

"Buɗe, ƙanena. Ta yi ta ruri har a ji ta a Pago."

Da gindin cokalin ya juya sukurun. Bai saurara ba, bai auna ba, ya murɗa kawai. Sannan ya haye gefen injin ya zauna, bonet a buɗe a kansa, ƙafa ɗaya a kan bamba, ya ɗora rabin tafinsa a bakin kafireta saboda injin bai yi ɗumi ba. Mahaifina ba ya ganin gaba, sai ya fito da kai ta taga. Haka muka kama hawa.

A kwanar farko muka iske matar Sauaso zaune a tsakiyar hanya da jarirai biyu, 'yan biyunta, numfashinta ya ƙare. Mahaifina ya yi kamar zai kauce ya wuce, don tsayawa a wurinsa mutuwa ce. Kaka Lameko ya buga masa gilashi ya ce ya tsaya, za ta riƙe. Ya taka birki. Na rufe ido ina jiran tarin nan. Saniya ta tsaya tana ruri, irin rurin da ya ci mana alade, kuma ba ta mutu ba. Mahaifiyata ta janyo matar, na karɓi jariri ɗaya.

Daga nan hanya ta miƙe tsaye. Injin ya soma shaƙewa, sai ya yi tari ta baki, wuta ta fito daga kafiretar ta cikin yatsunsa. Na gani da idona ta gilashin gaba, ta ƙarƙashin bonet. Bai ɗage hannun ba. Ya ƙara dannawa, injin ya haɗiye wutar ya ja. Ta sake fitowa a kwana ta gaba. A ƙasanmu ruwa ya iso. Ba zan iya kwatanta ƙarar ba: kwanon rufi, itatuwa, aladu, duk a haɗe. Ya shanye mararrabar da muka tsaya, ya biyo hanyar gona yana tura gungume da ƙofar wani gida a gabansa. Kaka ba ta waiwaya ba. Idonta yana kan ƙanenta, bakinta yana motsi, kuma na san addu'ar da take yi, don tun ina ƙarama nake jin ta.

Mun tsaya a gonar gwaza, inda jama'a suka taru. Mahaifina bai yarda ya kashe motar ba sai da fetur ya ƙare. Da aka sauko da Kaka Lameko, fatar tafinsa na dama ta rage a bakin kafireta. Mata suka naɗe masa hannun da ganye. Babu abin da ya rage na gidanmu sai siminti. Sauaso bai hau dutse ba, yana can ƙarshen ƙauye yana busa wa masu nauyin kunne, an same shi bayan kwanaki a cikin gonar ayaba. Saniya ce ta kai gawarsa makwanci, kuma Kaka Lameko ya sa aka tura ta da hannu tun daga kwanar coci, a kashe.

Ƙauyenmu ya koma kan dutse. Hannunsa ya warke a lanƙwashe, yatsun ba su ƙara riƙe ƙaramin sukuru ba. Da hagu yake cin abinci, mahaifina ke juya masa sukuddireba, shi yana karkata kunne yana cewa ƙara, rage, tsaya. Bai zama mai yawan magana a kan ranar ba. Amma in iska ta kwanta, ƙarar teku ta daina hawowa, sai ka gan shi ya fito ya tsaya yana kallon ƙasa har sai ya ji igiya ta fasa. Ko a nan sama, inda ruwa ba zai taɓa zuwa ba, motar tana fuskantar tudu. Dattawa ba su ƙara tayar da maganar ruri ba, shi ma ba ya bari Sa ta same shi a hanya.

Kaka ta riga shi tafiya. Kafin ta rasu ta ce mini ni ce mai riƙe labarin gidan nan, in faɗe shi duka, har da abin da ta ce wa ƙanenta a bakin ginshiƙi, kada in gyara mata. Shi ya sa na rubuta shi yadda na ji. Cokalin yana wurina, gindinsa a murɗe.

Shi kuma nasa roƙon daban ne. Bayan jana'izarta na same shi zaune a kan bambar motar, ya ɗora lanƙwasasshen hannun a gwiwa. Ya ce ya ji an ce ni ce mai ba yara labari. Na ce haka ne, Kaka. Sai ya karkato mini kunnen dama, kamar ni ce zan yi magana.

"Jikar Yaya, ita ba ta san abin da ke cikin inji ba, ni na sani. In za ki faɗa, ki ce hannuna ne ya juya sukurun. Kada ki bari kowa ya ɗora wa Yaya."